"Na Nawa Ka Zo?"

Ranar da aka ba da hutu a makarantun firamare na Jibiya, ba sai an gaya maka ba. Tun kafin rana ta take za ka ga yara sun cika hanya, kowa da 'yar takardarsa. Waɗansu suna gudu, takardar tana sama kamar tuta. Waɗansu kuwa suna jan ƙafa, sun ninke tasu huɗu sun cusa a aljihu. Duk dai tambaya guda ce ke jiransu a ƙofar gida, tun ba su ajiye jaka ba: "Na nawa ka zo?"

Mu ma haka muke tambaya, domin haka aka tambaye mu. In yaro ya ce na ɗaya, sai a yi guɗa, watakila har a yanka kaza. In ya ce na arba'in, sai faɗa, wani gidan har da bulala. Akwai gidan da ake duban lambar yarinya shekara biyu a jere, sa'an nan a ce ba ta da kan boko, gara ta zauna ta taimaki uwarta. Iyaye da yawa ba su karanta sauran abin da ke cikin takardar. Lambar nan kaɗai suke nema, a kanta kuma suke yanke hukunci.

To, yau muna so mu zauna da ku mu dubi lambar nan da kyau, mu ga abin da take faɗa, da abin da ba ta faɗa. Za mu kuma yi bayanin wata hanyar auna ci gaban yara wadda ta bazu a ƙasashe da dama, wadda waɗansunku suka riga suka gamu da ita a takardun jikokinsu na birni suka rasa kanta.

Maki ba shi da ɗan canji

Jibiya wuri ne mai kyau na yin wannan tunani, saboda iyaka. Daga Magama in ka tsallaka ka shiga Jamhuriyar Nijar, sai Ɗan Isa, sa'an nan ka miƙe zuwa Maraɗi. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Amma makaranta biyu ce. Nan ana cewa makaranta da malam, can ana cewa lakwal da mushe. Nan aji ɗaya zuwa aji shida, can CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Nan ana ba da maki bisa 100, can kuwa a firamare bisa 10 ake yi.

Bari mu yi misali. A ce wa da ƙane ne, ɗaya yana Jibiya, ɗaya yana Maraɗi, kowa yana da ɗa a shekara ta huɗu ta firamare. Suka haɗu wajen biki, kowa ya fito da takardar ɗansa. Na Jibiya ya sami 62 bisa 100, ya zo na uku cikin yara 90. Na Maraɗi ya sami 6 bisa 10, ya zo na goma sha biyar cikin yara 60. Wane ne ya fi? Mai na uku zai yi murmushi. Amma in aka miƙa wa yaran wasiƙar kakarsu aka ce su karanta, takardun nan biyu ba su gaya mana wanda zai iya ba. Mai yiwuwa duka biyu su karanta sarai. Mai yiwuwa kuma duka biyu su yi zuru.

Naira da sefa suna da 'yan canji a Magama, ka ba da wannan a ba ka wancan. Maki ba shi da ɗan canji. Kada ma a je Nijar: 62 na wannan makaranta ba shi ne 62 na makarantar da ke bayan kasuwa ba, gama kowane malami shi ke tsara tambayoyinsa, shi ke kuma ba da makinsa.

Matsayi ya fi maki ruɗi. Ku ɗauki buhuna goma ku jera su bisa ga nauyi. Dole a sami na ɗaya, dole a sami na goma. Ko da dukansu rabi-rabi ne, akwai na ɗaya. Ko da dukansu cike suke har baki, akwai na ƙarshe. Jerin bai gaya maka ko akwai buhun da ya cika ba. Shi ya sa mai sayen hatsi ba ya tambayar wane buhu ne ya fi ɗan'uwansa. Tiya yake sawa ya auna.

Tiyar karatu

Hanyar da muke magana a kanta ita ce a yi wa karatu tiya. Tun farkon shekara a rubuta a fili abubuwan da ake so ɗan kowane aji ya iya kafin shekara ta ƙare. Ba "Hausa" kawai ko "Lissafi" kawai ba, a'a, a fasa su ƙanana. A ɗan aji biyu, misali: yana gane dukan haruffa da sautinsu, yana haɗa gaɓoɓi ya karanta kalma, yana karanta ɗan gajeren labari ya ba da amsar abin da ya faru a ciki, yana tara lambobi masu gida biyu, yana ɗebewa har da aro. Sa'an nan a gaban kowane layi malami ya nuna inda yaron ya kai.

Yawancin makarantun da ke bin wannan hanya mataki huɗu suke amfani da shi. Lamba 1 tana nufin yaro bai fara kamawa ba tukuna. Lamba 2, ya fara, amma sai da taimako. Lamba 3, ya iya da kansa, ya cika mudu. Lamba 4, ya wuce abin da ake nema a ajinsa. Makarantun firamare da yawa a Amurka haka suke rubuta takardunsu, musamman tun daga 2010, lokacin da yawancin jihohinsu suka amince da ma'auni guda na karatu da lissafi. Kenya ta soma sabon tsarinta a 2017 da mataki huɗu irin waɗannan, sai dai da kalmomi take faɗarsu: ya wuce abin da ake tsammani, ya kai, yana gab da kaiwa, yana ƙasa. Ghana ta shigo da manhajar da aka gina kan ma'auni a makarantun firamare a 2019. A nan gida ma waɗansu makarantun kuɗi a manyan garuruwa sun daina rubuta matsayi.

Nan ne iyaye suke rikicewa, kuma ba laifinsu ba ne. Uban da ya saba da maki bisa 100, in ya ga 3 sai ya lissafa a ransa, uku cikin huɗu, watau 75. Ba haka ba ne. Uku ita ce abin da ake nema. Yaron da takardarsa ta cika da 3 daga sama har ƙasa ya yi duk abin da aka sa shi, ba a binsa bashin komai. Huɗu ba ladan ƙoƙari ba ce, ba kuma lada ce ta rashin kuskure ba. Alama ce cewa yaron yana yin aikin da ya fi na ajinsa.

Haka nan in ka ga 2 a zangon farko, kada hankalinka ya tashi. Ana auna yaron ne da abin da ake so ya iya a ƙarshen shekara. Wa yake zuwa gona a watan Yuli ya yi fushi don gero bai fid da kai ba? Abin dubawa shi ne ko 2 ɗin ta motsa a zango na biyu. In ta tsaya cik har zango na uku, to, nan ne wurin magana.

Akwai wani bambanci kuma da muke ganin ya fi duka muhimmanci. A tsarin da muka saba, ana tara makin dukan gwaje-gwaje a raba. A ce yarinya ta sami 20 a gwajin farko, 50 a na biyu, 90 a na ƙarshe. In an tara an raba uku, 53 ke nan. Ga wani yaro kuma, ya sami 90, sa'an nan 50, sa'an nan 20. Shi ma 53. A takarda daidai suke. Amma ita ta fara ba ta iya ba, yanzu ta iya. Shi kuwa wani abu yana cinsa, ko ciwo, ko yunwa, ko fashi, ba wanda ya lura. Hanyar ma'auni ba ta riƙe wa yaro kurakuran da ya yi lokacin da yake koyo. Abin da ya iya yau shi ake rubutawa.

Hali kuma wurinsa daban. Zuwa a kan lokaci, tsabta, ladabi, duk ana rubuta su, amma ba a zuba su cikin makin lissafi. Mun san makarantun da ake ƙara wa yaro maki don ya kawo tsintsiya. Tsintsiya abu ne mai amfani, sai dai ba ta koya wa kowa ɗebewa da aro.

Ba baƙon abu ba ne

Wani zai ce wannan dabarar Turawa ce. Mu ba mu ga haka ba. Ku dubi makarantun allo na maƙwabtanmu. Yaro yana fara babbaƙu, in ya iya ya shiga farfaru, haka har ya yi sauka. Ba a wanke allo sai malam ya ji karatun ya zauna. Ba mu taɓa jin an tambayi almajiri na nawa ya zo ba. Tambayar ita ce, "Ina ka kai?" Ko ku dubi tela da yaronsa. In uban yaro ya zo, tela zai ce, "Ya iya taka keke, ya iya kalmasa, yanka ne dai da saura." Da jin haka uban ya san inda aka kwana. Boko ne kaɗai muka yarda a ba mu lamba guda mu tafi.

Gwamnatin Nijeriya ma ta daɗe da sanin wannan. A watan Satumba na 1976 aka buɗe shirin UPE na ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, yara suka kwararo makarantu fiye da yadda aka shirya. A 1977 aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, a cikinta kuwa aka ce kada makomar yaro ta rataya ga jarrabawa guda ta ƙarshe, a riƙa auna shi a kai a kai duk tsawon shekara. Aka ce a dubi abu uku: abin da ya sani, da halinsa, da abin da hannunsa ya iya yi. Ku juya takardar ɗanku, a makarantu da yawa za ku ga wani ɗan jadawali inda ake ba da lamba 1 zuwa 5 a kan tsabta, da zuwa a kan lokaci, da rubutun hannu, da wasanni. Daga wancan shiri ya samo asali.

Niyyar mai kyau ce. Amma a yawancin makarantu awon a kai a kai ya koma ƙananan jarrabawa biyu ko uku, a tara makinsu da na babbar jarrabawa, a jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe kamar dā. An sāke riga, mutumin yana nan. Bayan an ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, aka yi dokarta a 2004, hukumar NERDC ta tsara manhajar shekara tara ta ilmin tushe. A cikin manhajar, kowane darasi yana da jerin abin da ake so yaro ya iya yi in an gama koyar da shi. Ashe tiyar tana nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne iyaye ba su taɓa ganinta ba, takardar ƙarshen zango kuma ba ta ambatonta.

A Nijar an ɗauki wata hanya. An dakatar da jarrabawar kammala firamare, wadda suke kira CFEPD, har wajen shekara goma, aka dogara ga gwaje-gwajen cikin shekara, sa'an nan aka maido da ita a 2024. Amma akwai wani awo da aka yi musu wanda ya shafi zancenmu kai tsaye. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suna da wani shiri mai suna PASEC, wanda ke gwada yara bisa ma'auni guda, da layin da aka ja aka ce wanda ya haye shi ya sami abin da zai ishe shi ci gaba da karatu. A awon 2014, cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka haye layin nan a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A awon 2019 sun kai kimanin uku cikin goma. An ci gaba, ba shakka. Amma ku tuna, kowane aji da aka shiga aka yi awon nan yana da na ɗayansa, da na biyu, da na uku, an kuma yi musu murna a gida.

Kada mu yi wa maƙwabta dariya. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF da waɗansu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. Muna cikin lissafin.

Yaron da ya zo da takarda, da wanda ya zo hannu wofi

Abin da ya sa maganar nan ta fi matsa wa mutanen Jibiya shi ne karatun yaransu ya sha yankewa. A Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona. A Disamba na shekarar, bayan sace 'yan makarantar Ƙanƙara, aka sāke rufe makarantu a Jihar Katsina. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, mutane suka kwararo cikin garin Jibiya, waɗansu suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi. Iyakar kanta an rufe ta a Agusta na 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilu na 2022. Aka sāke rufewa a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Duk lokacin da ciniki ya tsaya, akwai gidan da ke tashi, akwai kuma yaron da ke barin aji ya koma tura baro.

Irin wannan yaro, in ya sami komawa makaranta, yakan iso gaban hedimastan da bai san shi ba. In ya zo da takarda, an rubuta na biyar, ko 58. Na biyar cikin su wa? In kuwa an bar takardar a ƙauye ranar gudu, sai a dubi tsawonsa a tambayi shekarunsa a tura shi aji huɗu. Can zai zauna a baya yana kwafar abin da ke kan allo kamar mai zanen hula, bai san abin da yake rubutawa ba. Da takardar ta ce "yana karanta kalma, bai kai jimla ba, yana tarawa, bai iya ɗebewa da aro ba", da sabon malami, ko a Jibiya ko a Ɗan Isa, ya san inda zai kama tun ranar farko.

An gwada aiki irin wannan a ƙasar Hausa. Shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa wa, ya soma a 2015 a jihohin Katsina da Zamfara don koya wa yaran ƙananan azuzuwa karatu da Hausa. A 2019 kuma aka gwada wata dabara a Wudil da Dawakin Tofa ta Jihar Kano, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita. Ana zama da kowane yaro 'yan mintoci a ga inda ya kai: bai san harafi ba, ko ya san harafi, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari. Sa'an nan a raba yara bisa ga matakinsu na wani lokaci a yini, ba bisa ga ajinsu ba. Wanda ya iya matakinsa ya matsa gaba.

Amma fa ba za mu ɓoye muku wahalar abin ba. Malamin da ke da yara 100 a aji, in aka ba shi layi 20 ga kowane yaro, gurbi 2,000 ke nan zai cika kowane zango, da hannu, watakila da hasken tocila. Mun san abin da zai faru, gama mun ga yadda ake cika jadawalin tsabta da ladabi: a zauna dare ɗaya a jera 4, 4, 4 har ƙasa. Takardar ma'auni da aka cika da ka ta fi tsohuwar takarda muni, domin tana da kamar gaskiya. In za a yi, gara a fara da layi biyar ko shida na karatu da lissafi, waɗanda malami zai iya gwadawa da idonsa. Gasa kuma tana da nata amfani, ba mu musa ba. Akwai yaron da ba ya tashi sai ya ga wani ya wuce shi, kuma ranar neman gurbi a makarantar gaba, gasar za ta zo ko ana so ko ba a so. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗora wa ɗan shekara bakwai sunan na ƙarshe tun bai gama sanin haruffa ba.

Kafin a sāke takardar

Sāke takardar makaranta aikin hukuma ne, zai kuwa ɗauki lokaci. Amma awon mataki biyar ɗin nan kowane gida zai iya yinsa a tabarma bayan cin tuwo. Ku rubuta haruffa goma a warwatse, ba a jere ba, gama yara da yawa sun haddace jerin kamar waƙa. In ya gane su, ku ba shi kalmomi: gida, rago, tulu, makaranta. In ya wuce, jimla uku ko huɗu. In ya wuce, labari. A gidajen da ake karatun Littafi Mai Tsarki da yamma, ku ba shi ya karanta wurin da bai haddace ba a makarantar Lahadi, sa'an nan ku rufe littafin ku ce ya faɗi abin da ya ji da bakinsa. Inda ya tsaya, kada a yi tsawa. An sami wurin aiki ke nan.

Uwar da ba ta yi boko ba ita ma tana da kunne. Tana iya jin bambancin yaron da karatu ke gudana a bakinsa da wanda ke tuntuɓe a kowace gaɓa. Lissafi kuwa ta fi kowa iya gwada shi: ta ba shi naira 500 ya sayo abin 350, ta tambaye shi canjin tun kafin ya fita.

Sa'an nan a je makaranta. Ba ranar ba da hutu ba, ranar nan malami ba shi da lokacin kowa. A bari sai an koma da mako biyu ko uku, a je da safe ko lokacin tara, a gaisa sosai.

"Malam, sannu da aiki. Ni ne mahaifin wance, ta aji uku."

"Sannu da zuwa, Baba. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Na ga takardarta, na gode. Tambaya ce da ni. Cikin abin da ake so 'yar aji uku ta iya, wanne ta iya, wanne ne da saura? A gida na ga tana karanta kalma, amma in jimla ta yi tsawo sai ta ɓace."

Wani malamin zai amsa nan take, gama ya san yaransa, ba a dai taɓa tambayarsa ba ne. Wani zai yi shiru, ya ce a ba shi mako guda ya duba ta. Ku ba shi, ku kuma koma ranar da ya sa muku.